Matuƙin jirgin yaƙin da rauni ya kashe bayan ya sauka: yadda ake bin sawunsa a kafa masa abin tunawa

Wani mai bin tarihin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya aiko da tambayar. Ya ci karo da sunan wani matuƙin jirgin saman sojan Birtaniya, a gaban sunan an rubuta haruffa uku, DOW. Yana son rubuta tarihinsa, shi da abokansa kuma suna shawarar sa masa allon tunawa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne ranar da ya gani a wani littafi ta saɓa da wadda ke jikin dutsen kabarin, sannan inda aka ce an harbi jirgin ya yi nisa da maƙabartar. Wanne ne daidai, kuma daga ina zai fara?

Malam, mai yiwuwa duka biyun daidai ne. A takardun sojan Birtaniya, KIA na nufin wanda aka kashe nan take a fagen daga. DOW kuwa na wanda aka ji wa rauni ne, ya rayu har aka kai shi hannun masu jinya, daga baya rai ya yi halinsa. Irin wannan mutum yana da ranaku biyu da wurare biyu: ranar da wurin da harsashi ya same shi, da ranar da wurin da ya cika. Tsakaninsu yana iya zama sa'o'i tara, kwana biyar ko wata guda cur. Yawancin kurakuran da ake gani a jikin allunan tunawa daga nan suke fitowa, wato a ɗauki ranar wannan a liƙa wa wurin wancan.

Dubi mutum uku da tarihinsu ya tabbata, dukkansu daga RFC, rundunar jiragen saman sojan ƙasa na Birtaniya a lokacin, dukkansu kuma an ba su lambar yabo ta Victoria Cross. William Rhodes-Moorhouse ya tashi daga Merville a Faransa ranar 26 ga Afrilu 1915 a cikin jirgi samfurin BE2b, ya je ya saki bam kan layin dogo a Courtrai ta Beljiyam. Don kada ya kuskure, sai da ya sauko ƙasa-ƙasa, kimanin ƙafa 300, inda duk mai bindiga ke iya samunsa. An same shi a cinya da ciki da hannu. Ya ja jirgin mil 35 ya koma sansani, ya ƙi yarda a ɗauke shi sai da ya ba da rahoto. Washegari, 27 ga wata, ya rasu. John Aidan Liddell an farfasa masa cinyar dama ranar 31 ga Yuli 1915 yana leƙen asiri a sararin Ostend da Bruges. Ya suma, jirgin ya yi ƙasa ƙafa dubbai, ya farfaɗo ya daidaita shi ya sauka a filin jirgin Beljiyam. An yanke ƙafar, guba ta shiga jini, ya cika a La Panne ranar 31 ga Agusta, wata guda daidai. Saje Thomas Mottershead kuwa tankin fetur ɗinsa aka huda ranar 7 ga Janairu 1917. Wuta na cinsa, abokin tafiyarsa Laftanar Gower yana fesa masa abin kashe gobara, haka ya sauko da jirgin a ɓangarensu. Ƙunar ce ta kashe shi ranar 12 ga wata, kabarinsa yana Bailleul, inda asibitin yake.

Ka lura, a ukun nan babu wanda ya mutu a inda aka harbe shi. Wannan shi ne amsar rabin tambayarka.

Sanin abin da ke kashe su bayan sun sauka zai taimake ka wajen karanta takardun asibiti. Rauni a ciki a farkon yaƙin kusan hukuncin kisa ne, domin sai cikin 1915 zuwa 1916 likitocin soja suka koma yi wa masu irin wannan rauni tiyata da gaggawa maimakon a kwantar da su a jira. Harsashi idan ya ratsa jirgi yana tafe da tarkacen katako, da yadin jikin jirgin, da mai, da ƙyallen rigar matuƙin, duka ya cusa su cikin nama. Babu fenisilin a lokacin, sai a shekarun 1940 ya wadatu ga sojoji, don haka rauni a cinya yakan ruɓe cikin 'yan kwanaki, a yanke ƙafa, wani lokaci a yi latti. Ajiye jini don ƙarawa marasa lafiya sai a 1917 aka fara shi sosai. Ƙuna kuma tana da nata salon yaudara: mutum zai yi magana garau a ranar farko, sannan ruwan jiki ya tsiyaye ta fatar da ta ƙone, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, ya tafi a rana ta huɗu ko ta biyar. Matuƙan RFC ba a ba su laimar dira ba, tankin fetur kuwa yana dab da su, shi ya sa wanda aka raunata ba shi da zaɓi sai ya sauko da jirgin da kansa.

Ka fara da hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, wadda aka fi sani da CWGC. An kafa ta a 1917, tana riƙe da sunayen mutum kusan miliyan 1.7, kuma bincike a shafinta kyauta ne. Ranar da za ka gani a can ranar mutuwa ce. Kada ka tsaya a shafin farko. A ƙasansa akwai hotunan tsofaffin takardun rajistar kabari, da na odar sassaƙa dutsen, wani lokaci da takardar da ke nuna an tono gawar daga wata ƙaramar maƙabarta an dawo da ita nan bayan yaƙi. Idan akwai wannan ta ƙarshen, tana ɗauke da lambar taswirar kabarin farko, wanda shi ne ya fi kusa da inda mutumin ya cika.

Maƙabartar ma da kanta shaida ce. Wanda aka raunata akan kai shi asibitin tanti da ke bayan fagen daga, galibi a gefen layin dogo, wanda a takardu ake taƙaita shi da CCS tare da lambarsa. In ya jure, jirgin ƙasa ya kai shi manyan asibitocin baya kamar na Étaples, Boulogne ko Rouen. Kowane asibiti da maƙabartarsa a gefe. Lijssenthoek kusa da Poperinge tana da kabari sama da 10,000, kusan dukkansu da sunaye, saboda a gadon asibiti suka mutu, akwai wanda ya rubuta. Tyne Cot kuwa, ta fagen daga ce, a cikin kabari kusan 12,000 fiye da 8,000 ba a san masu su ba. Don haka in mutuminka yana Étaples, ka san ya yi kwanaki da rai, ka ja bincikenka baya. In kuma ka ga sunansa a jikin ginin tunawa da mayaƙan sama na Arras, wanda aka keɓe wa waɗanda ba a san kabarinsu ba, to ka sake duba DOW ɗin nan da idon basira, domin wanda ya mutu a hannun masu jinya da wuya a rasa kabarinsa, sai dai in ruwan bama-bamai ya shafe maƙabartar daga baya ko kuma a hannun abokan gaba ya cika.

Ranar rauni kuma a wasu takardun take. Gidan adana kayan tarihin rundunar sojan saman Birtaniya, RAF, da ke Landan ya sa katunan asarar rayuka da raunuka na lokacin a intanet. A babban gidan adana takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew a Landan, rukunin AIR 76 na hafsoshi ne, AIR 79 na ƙananan sojoji, AIR 1 kuwa shi ne rumbun rahotannin rukunonin jirage, har da rahoton artabu da na lalacewar jirgi mai ɗauke da lambarsa da lokacin tashinsa. Lambar jirgin nan ka riƙe ta da kyau, ita ce igiyar da za ta ɗaure maka takardu daban-daban wuri ɗaya, tun da sunaye ana kuskuren rubuta su, lamba kuwa ba kasafai ba. Hafsoshi da yawa aro aka yi su daga rundunonin ƙasa, kamar Liddell da ya fito daga Argyll and Sutherland Highlanders, saboda haka in ka nemi suna a ƙarƙashin RFC ka rasa, ka nemi rundunarsa ta asali. Wanda ya faɗo bayan layin Jamusawa da rauni, katinsa na iya kasancewa a cikin kundin fursunonin yaƙi na ƙungiyar Red Cross ta duniya da ke Geneva, shi ma yana intanet. Waɗanda suka mutu a cikin Jamus an tattara su bayan yaƙi a maƙabartu huɗu, a Cologne, Kassel, Berlin da Hamburg, ko da a wani gari can daban suka cika.

Ga mai neman na Yaƙin Duniya na Biyu, littafin ayyukan rukunin jirage ne tushe, Fom 540 na taƙaitawar wata da Fom 541 na kowace fita, suna cikin AIR 27. Fayilolin waɗanda aka rasa suna AIR 81. Na Amurka sun fi wahala, domin gobarar 12 ga Yuli 1973 a St. Louis ta cinye fayilolin sojoji tsakanin miliyan 16 da 18, sai a koma ga rahoton ɓacewar jirgi da fayil ɗin mamaci na musamman.

Akwai tarkuna ƙanana da ke kama har ƙwararru. Amurkawa suna fara rubuta wata kafin rana, don haka 7/1/17 a hannunsu 1 ga Yuli ce, a hannun Turawan Ingila 7 ga Janairu. Agogon Jamusawa a wasu watanni yana gaban na Birtaniya da sa'a guda, wanda kan sa a jingina harbo jirgi ga matuƙin da ba shi ya yi ba. Harin dare ana rubuta shi da ranaku biyu, kamar 12/13 ga Agusta, kowane marubuci ya zaɓi wadda ya ga dama. Sannan RAF ba ta wanzu ba sai 1 ga Afrilu 1918. Duk wanda ya mutu kafin ranar ɗan RFC ne ko ɗan sashen jiragen sojan ruwa, RNAS, kuma muƙaminsa irin na sojan ƙasa ne ko na ruwa. Sa tambarin RAF a allon wanda ya rasu a 1916 kuskure ne da duk masani zai hango daga nesa.

Tarkon da ya fi waɗannan girma shi ne ɗaukar bayanin lambar yabo, wanda ake bugawa a jaridar gwamnati ta London Gazette, a matsayin magana ta ƙarshe. An rubuta shi ne a tsakiyar yaƙi, don yabo da ƙarfafa gwiwar jama'a. Arthur Aaron, mai shekara 21, ya tuƙa jirgin Stirling zuwa Turin a daren 12 ga Agusta 1943. Harsasai suka kashe mai duba masa hanya, suka karya masa muƙamuƙi, suka huda huhunsa, hannun damansa ya daina aiki. Mai sakin bam na jirgin ya karɓi tuƙi suka nufi Bône a Aljeriya, wadda yanzu ake kira Annaba, Aaron yana rubuta masa umarni da hannun hagu. Sa'o'i tara bayan saukarsu ya cika, kabarinsa yana can. Bayanin lambarsa ya ce jirgin abokan gaba ne ya harbe su, amma abin da masu bincike suka fi tsayawa a kai daga baya shi ne mai bindigar bayan wani Stirling ɗin nasu ne ya buɗe musu wuta bisa kuskure. Wannan bai rage komai daga jarumtarsa ba, sai dai mai rubuta allo ya kamata ya san bambancin, ya zaɓi kalmar da ba za ta ƙaryata shi ba, misali a ce an harbi jirginsa a sararin Turin, a tsaya nan. Wani lokaci ma bayanin yakan makara: Arthur Scarf ya mutu da raunukansa a asibitin Alor Star a Malaya ranar 9 ga Disamba 1941, amma sai 1946 aka ba shi lambar, bayan an gama yaƙi shaidu sun dawo.

Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce kowace rana da kowane wuri da za a sassaƙa su samu shaidu biyu da ba su kwafi juna ba. Littafi uku da suka ɗauko daga littafi ɗaya shaida ɗaya ce.

Dutsen kabarin CWGC ba naka ba ne, ba ka da ikon ƙara masa ko harafi. Tsarinsa ɗaya ne ga janar da kurtu: tambarin runduna, lamba da muƙami, suna, rana, shekaru, alamar addini in iyali sun so, da 'yan kalmomin iyali a ƙasa waɗanda aka taƙaita su a haruffa 66. In ka gano kuskure a suna ko rana, takardun shaida ake aika wa hukumar, ita za ta gyara. Ka san kuma iyakarta: daga 4 ga Agusta 1914 zuwa 31 ga Agusta 1921, sai daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947. Wanda aka sallama daga soja da rauni ya je gida ya mutu a cikin wannan wa'adi yana da haƙƙin a sa shi, amma sai an nuna takardar shaidar mutuwa da ta fansho masu haɗa mutuwar da raunin. Wanda ya mutu bayan wa'adin, komai tsananin raunin, ba ya shiga, kuma irinsa ne ya fi buƙatar allon da kuke shirin yi.

Wurin da za a sa allon ya danganta da abin da yake faɗa. In a filin da jirgin ya sauka ne, ranar rauni ce za ta fito fili, a ƙara da inda ya rasu da inda kabarinsa yake. In a garinsu ne ko makarantarsa, a sa duka. Da za a yi wa Mottershead, jerin zai zo kamar haka: cikakken suna da muƙami da lambobin yabo, rukunin jirage na 20, RFC, an raunata shi 7 ga Janairu 1917 kusa da Ploegsteert a cikin jirgi samfurin FE2d, ya rasu sakamakon raunukan 12 ga Janairu 1917, an binne shi a Bailleul. Abokin tafiyarsa ma a ambace shi. Ana yawan mantawa da na kujera ta biyu, alhali sau da yawa shi ne ya riƙe matuƙin da rai har ƙasa, kuma daga bakinsa labarin ya fito. Kalma hamsin zuwa sittin ta isa. Abin da ya wuce haka a bar shi ga ƙaramin littafi ko shafin intanet, domin cunkushe allo yana tilasta rage girman haruffa, harafin da bai kai santimita ɗaya da rabi ba kuwa sai an sunkuya ake karanta shi, bayan shekara goma na ruwa da rana ma ba ya karantuwa.

A wajen kayan aiki, tagulla da aka zuba a tukunyar narkarwa da haruffa masu tudu ita ce mai ƙarko, sai dutsen giranit ko silet da aka sassaƙa da zurfi. Marmara tana da kyan gani amma ruwan sama yana cinye haruffanta. A guji ƙusoshin baƙin ƙarfe: suna tsatsa, tsatsar tana kumbura, kumburin yana tsaga dutse daga ciki, ya kuma bar jan zane a fuskarsa. Ƙarfe mara tsatsa ko tagulla ake sawa, a ɓoye kawunansu ta baya saboda ɓarayin ƙarfe, a kuma huda tsakanin bulo da bulo don kada a ɓata ginin. Wankinsa ruwa ne mai tsabta da burushi mai laushi. Tagulla a shafa mata kakin zuma na musamman sau ɗaya ko biyu a shekara. Bilic da burushin waya da injin feshin ruwa mai ƙarfi sun lalata allunan tunawa da yawa a hannun masu kyakkyawar niyya.

Izini a rubuce ake nema, daga mai filin da kuma ofishin magajin garin, in a Faransa ko Beljiyam ne. A cikin takardar a faɗi wanda zai riƙa kula da allon bayan ku, domin ranar buɗewa kowa yana nan, shekara biyar bayan nan ciyawa ce. Kada a yi haƙa a wurin da jirgi ya faɗi: a Birtaniya dokar kare ragowar kayan soja ta 1986 ta haramta taɓa tarkacen jirgin soja ba tare da lasisi ba, gonakin Flanders da Somme kuma har yau garma tana tono bama-baman da ba su fashe ba. In allon a Birtaniya yake, a shigar da shi rajistar abubuwan tunawa da yaƙi ta Imperial War Museums don kada ya ɓace wa masu bincike na gaba.

Taron kansa gajere ya fi: a karanta suna da abin da ya faru cikin minti biyu ko uku, a busa begilar bankwana ta soja, a yi shiru na minti biyu, a ajiye furanni. A kabari ranar mutuwa ake zuwa, a filin sauka ranar rauni. Shawagin jirage huɗu, inda ɗaya ke ficewa ya yi sama ya bar gurbi yana ratsa zuciya, amma sai an nema watanni da yawa kafin lokaci, kuma ba kowa ake yi wa ba. Wanda mutuminsa ya faɗi a yankin Ypres ta Beljiyam yana iya neman a ba shi damar ajiye furanni a Ƙofar Menin, inda ake busa begilar da ƙarfe 8 na kowane dare tun 1928, ban da shekarun mamayar Jamus.

Kafin a zuba tagullar, a nemi zuriyarsa. Wasiƙar da babbar nas ko limamin soja ya rubuta wa uwa ko mata daga asibitin sau da yawa ita kaɗai ce ke faɗin sa'ar da ya cika da abin da ya ce, kuma a akwatin iyali take, ba a Kew ba. Iyalin na iya sanin abin da zai sauya shirin gaba ɗaya. Rhodes-Moorhouse, alal misali, ba ya Merville: yana cikin 'yan tsirarun da aka yarda a mayar da gawarsu gida a 1915, an binne shi a kan tudu a gidansu na Parnham a Dorset. Ɗansa, wanda yake jariri a lokacin, ya girma ya zama matuƙin jirgi samfurin Hurricane a rukuni na 601, aka harbo shi ranar 6 ga Satumba 1940, aka binne tokarsa a gefen mahaifin.